Wa Ke Zuba Maka Ruwa, Iliya?

Rifkatu ta haihu, Iliya! Namiji ne, da safiyar yau, ana cikin yayyafi. Ita lafiya, shi lafiya. Ka zama uba, ni kuma na zama kaka. Na san ba haka ake fara wasiƙa ba, malaminmu na makarantar yamma ya koya mana cewa gaisuwa ce a gaba, amma da na ɗauki biro sai hannuna ya ƙi jira.

To, yanzu bari in gaishe ka yadda ya kamata. Ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya damina a can? Yaya abokan aikinka da marasa lafiyar da ke hannunku? Ubangiji ya tsare ka daga wannan amai da gudawa, ya tsare duk wanda ke tsaye tare da kai, ya tashi kafaɗun waɗanda ke kwance. Mamanka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Mun yi ta neman wayarka ba ta shiga. Rifkatu ta ce sai ka hau dutsen da ke bayan makarantar da kuka mayar asibiti kafin ka sami sabis. Shi ya sa na zauna rubutu. Danjuma, direban da ke kai muku magani ta hanyar Kachia, zai biyo ta Kafanchan gobe, shi zan ba.

Yaron yana da kunnuwa irin nawa, manya, a buɗe. Mamanka ta ce ba komai, zai girma ya cike su, ai ni ma ana ta jira in cike nawa. Tun da aka miƙa mata shi ta daina kallona. Na ce mata, "Saratu, ko shayi ban sha ba yau." Ta ce, "Je ka dafa, tsoho. Mijina na gaskiya ya iso." Ka ga ɗanka bai kwana a duniya ba ya ƙwace mini mata. Zan rama in ya fara tafiya. Matan zumunta na coci sun riga sun cika tsakar gida da waƙa, an ɗora gwaten acca, maƙwabta sai shigowa suke yi. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, na fita ƙofar gida na gaya wa mai sayar da burodi, na gaya wa wani ɗan acaɓa da ban taɓa gani ba.

Amma ba labarin haihuwa kaɗai ya zaunar da ni ba. Maganar da ka yi mini ran Lahadi tana nan a ƙirjina. Ka ce an kawo muku yara biyu a lokaci guda, ledar ƙarin ruwa kuwa ɗaya ta rage, ka sa wa ƙaramin, babban ya cika kafin motar magani ta iso. Ka ce, "Baba, da zarar an rufe wurin nan zan ajiye farar riga in koma gonar citta." Na tambaye ka wa ka gaya wa a cikin abokan aikinka. Ka ce ba kowa, kowa yana fama da nasa. Daga nan waya ta yanke. Wannan "ba kowa" ɗin shi ya fi damuna, ya fi maganar citta.

Bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka shi daga farko har ƙarshe ba. Ka san na yi aiki a ƙaramin asibitin mishan na ƙauyenmu kafin mu dawo gari. Lokacin kana goye, ni kuma ko sunana ban iya rubutawa ba. Aikina ɗebo ruwa daga rafi, wanke ƙasa, ƙona ƙazanta. Wata damina irin wannan ciwon ya shigo mana. Gadaje suka cika, muka shimfiɗa tabarmi har baranda. Mu uku ne ƙashin bayan aikin: Sista Laraba, wadda ke riƙe da asibitin, Malam Garba mai ba da magani, wanda ka sani yanzu da shagonsa a kasuwa, sai ni.

Ba mu da famfo. Abin da muke da shi wata babbar buta ce ta ƙarfe, a bakin ƙofa, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Sista ta kafa doka: wanda ya fito daga ɗakin marasa lafiya ba ya taɓa butar, sai wani ya zuba masa. Kuma ba wanki na sauri ba. Sai ka cuɗa sabulu tsakanin yatsu, ka bi farce ɗaya-ɗaya, ka hau har gwiwar hannu. Malam Garba yakan ce, "Sista, wannan alwalar taki ta fi tawa tsawo." Ita kuma ta ce, "Cuɗa dai, Malam, taka ta Allah ce, wannan ta ƙwayar cuta ce."

To, mutum biyu ba sa tsayawa fuska da fuska haka su yi shiru. Mai zubawa yakan ce, "Me ka baro a ɗakin?" Mai wanki kuma ya faɗa. Wani lokaci abin dariya ne, kamar tsohon da ya farfaɗo ya fara tambayar wa ya ɗauke masa hula. Wani lokaci abu ne mai nauyi. Ba wanda ya shirya haka, ba wanda ya ce mana magani ne. Mu a ganinmu hannu kawai muke wankewa.

Wata rana abin da ya same ka ya sami Sista. Ledar ƙarin ruwa ɗaya ta rage, ga wani dattijo, ga wata mai jego da jariri a gefenta. Ta kira Malam Garba. Sai kuma ta kira ni. Na ce, "Sista, ni me na sani?" Ta ce, "Ba saninka nake nema ba, Bitrus. Zo ka tsaya nan kusa da ni." Su biyu suka duba, suka yi magana ƙasa-ƙasa, aka sa wa mai jegon. Dattijon ni na zauna ina ba shi ruwan gishiri da sukari da cokali. Da la'asar ya cika a hannuna.

Da muka fito, ni na zuba wa Sista. Ta wanke, ta sake wankewa, buta ta ƙare. Ta ce, "Ƙaro." Na ƙaro. Tana cuɗawa tana cewa da ta san haka da ta raba, da ta jira, da ta aika tun jiya. Sai Malam Garba ya karɓi butar daga hannuna ya ce, "Sista, mu uku muka tsaya a wurin nan. In za a tambaya, mu uku za a tambaya. Wanda kuma ya bar mu da leda ɗaya, shi ma yana da tasa amsar da zai bayar." Ta yi kuka sosai. Muka bar ta ta yi. Da ta share ido ta dubi ƙasa sai ta ce, "Bitrus, dubi yadda ka jiƙa mini takalmi." Muka yi dariya da hawaye a fuska, muka koma ciki, domin akwai masu jira.

Ka ji darasi na farko ke nan, ɗana. In irin wannan zaɓin ya sake zuwa, kuma zai iya zuwa, kada ka tsaya kai kaɗai. Kira wani, ko da mai shara ne. Ba don ya fi ka sani ba, don nauyin ya sami kafaɗa biyu. Zafin da kake ji kuma ba alamar ba ka iya aiki ba ne. Na fi jin tsoron ma'aikacin da yaro zai mutu a gabansa ya wuce ya ci tuwo kamar ba a yi komai ba. Amma ka rarrabe tsakanin baƙin ciki da laifi. Baƙin cikin naka ne, ka yi shi. Ledar da babu kuwa ba kai ka ɓoye ta ba. Ku haɗu ku duka ku gaya wa manyanku abin da kuke buƙata, da murya ɗaya, ku kuma maimaita har su gaji da jin ku. Haka Sista ta yi, ta saka ni a bayan keke muka je har wurin masu rabon magani, ta zauna ta ce ba za ta tashi ba.

Yanzu ga inda ubanka ya yi wayon da ya kusa rushe asibiti. Wata rana aka aike ni Kafanchan, na ga wani mai walda kusa da tashar jirgin ƙasa ya huda ganga ya sa mata famfo. Na tsaya ina kallo kamar na ga abin al'ajabi. Na ce a raina, ga mu muna ɓata mutum guda wajen riƙe buta, alhali aiki ya yi mana yawa. Na koma na ɗauko babban bokitinmu, na kawo wa mai waldan ya sa masa famfo, na ɗora shi a kan kujera a jikin bango. Zo ka ga yabo. Fasto ya zo ya gani, ya ambace ni a coci. Yara suka riƙa kirana Injiniya. Na yi kwanaki ina tafiya kamar wanda ya ƙera jirgin sama. Butar kuwa aka jefa ta a sito.

Bokitin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai yanzu kowa zai fito, ya juya wa duniya baya, ya fuskanci bango, ya wanke, ya wuce. Ba mai tambayar kowa me ya baro. Ba a daɗe ba sai ga Sista da Malam Garba suna musayar magana a kan almakashi, mutanen da ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba. Ni kuma na fara dawowa gida fuska a ɗaure. Ka yi kuka in fita waje. A kawo abinci in ture. Wata rana na yi wa mamanka faɗa wai gishiri ya yi yawa a miya, miyar da ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Mamanka ba ta rama ba. Ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Bitrus, wannan fuskar ba tawa ba ce, ta asibiti ce. Da can a can kake barin ta. Wa ke zuba maka ruwa yanzu?" Na ce, "Famfo." Ta ce, "To, ka je ka gaya wa famfon."

Na kwana da maganar. Da safe na sami Sista na ce mata ina jin bokitina ya kawo matsala, in ta yarda in fasa shi. Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Ta ce, "Injiniya, ba za a fasa ba. Bokiti ya zauna. Amma daga yau ba mai buɗe wa kansa famfo. Ai hannun da ya fito daga ɗaki bai kamata ya taɓa kan famfon ba tun farko." Haka aka yi. Wani ya buɗe maka, ya tsaya, ya rufe. Ranar Malam Garba ne ya buɗe wa Sista. Ya ce, "Me kika baro?" Ta ce, "Na baro almakashinka a inda ka ajiye shi da kanka." Faɗa ya ƙare a nan.

Na biyu ke nan. Na san ku yanzu kuna da bokitai masu kyau, da safar hannu, da ruwan magani mai ƙamshi, ba mai buƙatar kowa ya zuba masa. Ban ce ku koma buta ba. Na ce ka dubi wanda ke fitowa bayanka, ka tsaya ka buɗe masa, ka tambaye shi me ya baro. Ka ce kowa yana fama da nasa. Gaskiya ne, kuma kowannensu yana can yana cewa Iliya yana fama da nasa, kada in dame shi. Haka za ku yi ta tausayin juna a ɓoye har ku fara faɗa a kan almakashi. Kai ka fara. In ka tambayi mutum yau, gobe shi zai tambaye ka, ranar kuma kada ka ce "lafiya lau" irin wadda kake ce mini a waya. Ka faɗi sunan yaron nan. Ka faɗi yadda abin ya faru.

Akwai wani shirmen da na yi, ƙarami ne amma ka ji shi. A waccan daminar na ɗauka in na zauna asibiti zai faɗi. Sista ta ce in je in huta, na ce ni ƙarfe ne. Ban ci ba, ban yi barcin kirki ba. Wata safiya na je rafi da garwa biyu, na sunkuya zan ɗiba, sai kawai na farka a cikin ruwa, matan da ke wanki suna jan ƙafata. Garwa ɗaya ta bi ruwa, ba a sake ganinta ba. Har yau in na haɗu da tsofaffin matan nan a wajen biki sai su ce, "Ga wanda ya yi wa kansa baftisma ta biyu." Na kwanta jinya, aikin da nake gudun bari na awa kaɗan sai da na bar shi na kwanaki. Saboda haka in an ce lokacin hutunka ne, ka je ka kwanta. In an kawo abinci ka ci, ko ba ka jin daɗinsa. Mamanka ta ba Danjuma soyayyar gyaɗa da yajin citta da garin kunu, kuma ta ce ba naka kai kaɗai ba ne, ka zuba a faranti ɗaya ku ci tare.

Maganar gona kuwa, ban hana ka ba. Gonar bakin rafi tana nan, ba ta zuwa ko'ina. Noma ba abin kunya ba ne, da shi na biya maka makaranta. Sai dai na ga yadda kake riƙe fartanya, kamar mai shirin yi mata allura. Kuma cittar ma tana da nata ciwon, ka ga yadda ta ruɓe wa mutane a ƙasa suna kallo ba abin da suka iya. Ba inda za ka je a ce komai yana hannunka. Abin da nake roƙo ɗaya ne: kada ka yanke wannan shawara kai kaɗai a kan dutse, da yunwa, da gajiya. Ka gama aikin da ke gabanka, ka yi magana da mutanenka, ka dawo gida ka yi barci, ka ɗauki ɗanka. In bayan haka zuciyarka ta ce citta, ni da kaina zan auna maka iri. In ta ce farar riga, mamanka za ta wanke ta ta goge.

Bari in gaya maka wadda ta karɓi haihuwar. Jummai ce, wadda kuka yi makarantar jinya tare. Tun jiya take kan aiki, an zo canjinta ta ɗauki jaka za ta tafi, sai ta ga Rifkatu ana shigo da ita. Ta ajiye jakar ta ce, "Matar Iliya ce wannan? Shi yana can yana riƙe na wasu, bari mu riƙe nasa." Ba ta tafi ba sai da ta ji kukan yaro. Da ta fito wanke hannu ina tsaye a baranda, ban san lokacin da na je na buɗe mata famfo ba. Ta ce, "Baba, ai da na buɗe da kaina." Na ce, "Na sani. Me kika baro a ɗakin?" Ta ce, "Na baro wani mai kunne irin naka." Ka ga, kai ba kai kaɗai ba ne, ko a inda ba ka nan.

Rifkatu ta ce in gaya maka kada ka sa a ranka wai ba ka nan ranar haihuwa. Ta ce ta san inda kake da abin da kake yi. Suna kuma yana jiranka, ba za a kai yaro coci ba sai kana tsaye. Kada ka gudo kafin a sallame ku, kada kuma ka yi sakaci da kanka don ɗokin gida. Ka kiyaye ruwan da kake sha. Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya ba hannunka sa'a, ya ta'azantar da iyayen yaron nan, ya ta'azantar da kai, ya kawo ƙarshen wannan ciwo, ya dawo mana da kai lafiya.

Tsohuwar butar nan tana wurina. Sista ce ta ba ni ranar da na bar aiki, ta ce Injiniya ya riƙe don kada ya manta. Ɗazu na ciro ta daga ƙarƙashin gado, na goge ta da toka, na ajiye ta a bakin ƙofa da sabon sabulu. Ba mai taɓa jikana sai na zuba masa ruwa, ko fasto ne. Malam Garba ya riga ya zo da sandarsa, ya wanke har gwiwar hannu ba tare da an ce masa ba, ya ɗauki yaro ya yi masa addu'a. Na aika wa Sista Laraba can Gwantu inda take zaune wurin 'yarta, ta ce ko a ɗauke ta za ta zo.

Kai ma haka za a yi maka. Ranar da ka sauka daga mota, ba za ka wuce ƙofar nan ba sai ka miƙo hannu. Zan zuba a hankali, zan tambaye ka me ka baro, kuma ruwa ba zai ƙare ba sai ka gama faɗa, na cika randa. Sannan ka shiga ka ga ɗanka. Kada ka zo kai kaɗai. Ka taho da duk waɗanda kuka yi wannan fama tare, masu jinya da masu shara da mai dafa muku abinci, da Danjuma, da wanda ya fara buɗe maka famfo bayan ka karanta wannan. Gidan ƙarami ne amma akwai inuwa a waje, acca kuma ta yi kyau bana. Ku zo dukanku ku ga kunnuwan nan da idonku.

Ni ne mahaifinka,
Bitrus, kakan yaro tun safiyar yau